Ɗanka Ya Dawo Shi Kaɗai: Shiru, Gudu da Haƙƙin Iyayen Wadda Ta Ɓata

Assalamu alaikum, malamaina, iyayena da 'yan'uwa ɗalibai. Da wata shari'a ta Amurka zan buɗe maganar yau, domin na daɗe ina juya ta a raina.

A watan Yulin 2021 wata budurwa 'yar shekara 22, Gabby Petito, ta fita yawon buɗe ido da saurayinta Brian Laundrie a cikin wata farar mota da suka mayar ɗakin kwana. Ranar 1 ga Satumba saurayin ya dawo gidan iyayensa a garin North Port na jihar Florida. Motar ta dawo, shi ya dawo, yarinya babu. Kwana goma cur bai ɗaga waya ya sanar da hukuma ba, sai ranar 11 ga wata iyayenta suka kai ƙarar ɓatanta da kansu. Da 'yan sanda suka ƙwanƙwasa ƙofar gidan, aka ce su nemi lauya.

Na ga wasunku suna girgiza kai. Ku saurara, abin da ya yi bai saɓa wa doka ba. Gyara na biyar a kundin tsarin mulkin Amurka ya hana a tilasta wa mutum ba da shaidar da za ta ɗaure shi. Mu ma muna da irinsa: sashe na 35(2) na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauyansa. Kuma ni ina bayan wannan haƙƙi ɗari bisa ɗari. Duk wanda ya taɓa kai wa ɗan'uwansa abinci a bayan kanta, ya tarar da fuskarsa a kumbure, an ce wai ya amsa laifi, ya san amfanin wannan sashe. An yi shi ne don talakan da ba shi da kowa, ko da wani lokaci mai laifi ya raɓe a inuwarsa.

To, tunda babu gawa, babu tuhuma, 'yan sanda ba su da hurumin tsare Laundrie. Sa ido kawai suka yi, shi ma suka yi sake. Daga baya sun amsa da bakinsu cewa sun hango mahaifiyarsa sanye da hular hana-sallah, suka ɗauka shi ne. Ashe tun ranar 13 ga wata ya sulale. Iyayensa ba su ba da rahoton ɓatansa ba sai ranar 17. Ranar 19 aka tsinci gawar Gabby a wani daji a jihar Wyoming, likita ya tabbatar shaƙe ta aka yi. Ko sammacin da aka fitar a kansa ba na kisa ba ne, na amfani da katin banki ne ba bisa izini ba. Ranar 20 ga Oktoba aka samu ragowar gawarsa a wani dausayi a Florida, ya harbe kansa, ya bar littafin rubutu inda ya amsa shi ya kashe ta.

Gudu ba hujjar laifi ba ne shi kaɗai. Mai gaskiya ma kan gudu don tsoro. Sai dai gudun nan ya rufe ƙofar shari'a har abada. Babu alƙalin da ya saurari maganar kisan.

Inda nake so mu tsaya shi ne kan iyayen saurayin. A cikin rantsuwar da suka yi daga baya, sun yarda cewa ɗansu ya kira su a ƙarshen Agusta hankali tashe, ya ce Gabby ta tafi, yana bukatar lauya. Sun ce ba su fahimci mutuwa yake nufi ba. Allah ne masanin zukata. Amma ku hango mahaifiyar yarinyar tana kira, tana tura saƙo, shiru. Har wasiƙa iyalinta suka rubuta a bainar jama'a suna roƙon a gaya musu inda 'yarsu take. Yarinyar nan fa ta zauna a gidan mutanen, ta ci tuwonsu. Doka ba ta kama su da laifi ba. Iyayen Gabby sun maka su a kotu kan azabar zuciya, aka sasanta a farkon 2024. A ganina doka ta yi daidai da ta ƙyale su, su kuma sun gaza a wajen mutunci. Za ka iya ɗaukar wa ɗanka lauya, kuma ka aika wa uwar yarinya cewa ga jihar da aka rabu da ita, a duba can.

Wani zai ce, da a nan ne, da an kwashe uban da uwar an kulle har ɗan ya fito. Haka ake yi, kuma haramun ne. Sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya hana kama wani a madadin wanda ake zargi, dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake jaddadawa. Addini ma ya riga ya faɗa mana cewa babu ran da ke ɗaukar nauyin laifin wani. Idan akwai shaidar uba ya ɓoye ɗansa ko ya ba shi kuɗin mota ya tsere, a tuhume shi da nasa laifin. Amma dattijuwa ta kwana a ofishin 'yan sanda don kawai ita ta haifi yaron, wannan garkuwa da mutum ne.

Na ga hannun Hajiya a sama tun ɗazu. Bismillah Hajiya, a miƙa mata abin magana.