Sharhi: Ina Malamin da Zai Tsaya Gaban Allo?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Akwai wata magana da na gaji da ji, kuma makon jiya aka sake yi mini ita a wajen wani ɗaurin aure. Wani bawan Allah mai babbar riga, wanda 'ya'yansa duk makarantar kuɗi suke yi a birni, ya gyara zama yana cewa ai matsalar ilimi a karkara iyaye ne. Wai mutumin ƙauye ba ya son boko, ya fi son ɗansa ya bi shi gona, 'yarsa ta ɗauki farantin talla. Na ce, Alhaji, yaushe rabonka da shiga firamaren ƙauye da hantsi, ranar makaranta? Sai ya sauya zance.

To ni na shiga. Kwanan baya, a wani ƙauye can ƙasar Haɗejia, na tarar da ajujuwa sababbi fil, fenti sai ƙyalli yake, ga allon kwangila an kafa a bakin hanya. Yara sun cika, wasu a benci, wasu a ƙasa kan tsohon buhu. Malamai biyu ne a makarantar, daga aji ɗaya har aji shida. Ɗaya shi ne hedimasta, kuma ran nan ya hau babur ya tafi kai takardu. Wanda ya rage ya rubuta wa 'yan aji biyar aiki a allo, ya koma wajen 'yan aji ɗaya, ya ba wani yaro mai ɗan tsawo tsumagiya ya tsare masa aji uku. Iyayen nan sun yi nasu. Sun hana kansu ɗan kiwo da mai ɗebo ruwa, sun turo yara. Me yaran suka tarar?

An bar jaki ana dukan taiki.

Bari mu koma ga doka, don kada a ce zafin rai ne kawai. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya a Sakkwato, a 2004 aka yi masa doka. Dokar ta ce kowane yaro yana da haƙƙin karatun shekara 9 kyauta kuma dole, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Ta kafa hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, a Abuja, ta ware mata kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ta ce jiha ba za ta taɓa kasonta ba sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. A kowace jiha kuma akwai hukumar ilimin bai ɗaya, wadda kowa ya fi sani da SUBEB, a ƙarƙashinta ga sakataren ilimi a kowace ƙaramar hukuma: 44 a Kano, 27 a Jigawa. Wannan hukuma ta SUBEB ita ce tsakanin manufar da aka rubuta a takarda da yaron da ke zaune kan buhu. Ta hannunta da na sakatarorin ilimi ake ɗaukar malamin firamare, a tura shi wurin aiki, a yi masa ƙarin girma, a ladabtar da shi in ya yi laifi, a kuma aika masu duba makarantu su ga ko yana zuwa.

Ku lura, duk abin da na lissafa maganar malami ce. Amma in ka tsayar da mutum a kasuwar Maigatari ko ta Wudil ka ce masa mene ne aikin hukumar ilimi, zai ce maka gini. Gini da benci da rijiyar burtsatse. Ba laifinsa ba ne, abin da ake nuna masa ke nan a talabijin, kuma mafi yawan kuɗin haɗin gwiwar nan a kan gini da kayan aiki yake tafiya. Gini yana da ranar buɗewa, ana yanka kyalle, ana ɗaukar hoto. Tura malami ƙauyen da mota ba ta shiga da damina ba shi da biki, sai ma baƙin jini, domin malamin nan ƙanen wani ne, ko matar wani, kuma kafin takardar canjin wurin aikin ta bushe waya ta fara ƙara.

Nan ne gizo ke saƙa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Je ka wasu makarantun cikin gari, za ka ga malamai sun yi da'ira a gindin darbejiya, sun fi ajujuwan yawa. Hau babur ka yi tafiyar rabin awa, ka tarar da mutum biyu riƙe da gari guda. Albashin duka daga tukunya ɗaya yake fitowa, daga kason ƙananan hukumomi, wato kuɗin mutumin ƙauyen nan ne ake biyan wanda ke zaune a inuwa. Wa ke da ikon raba su daidai? Hukumar. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski.

Za a ce ba kuɗi. Wannan ba ta karɓuwa, domin malamin da nake magana an riga an ɗauke shi, ana biyansa duk wata. Sauya masa wuri sa hannu ne a takarda. Za a ce malamai ba sa son ƙauye. Wannan gaskiya ce, kuma ban ga laifin wanda ya gama NCE a Gumel ko Kumbotso, aka jefa shi inda ba ɗakin kwana, kuɗin mai ya cinye rabin albashi. To a gina masa ɗaki maimakon katanga, a ba shi alawus na karkara, a fifita 'yan garin da suka yi karatun malanta wajen ɗauka, musamman mata, domin uwa ta fi sakin 'yarta in ta san malama ce a ajin.

Wasu na ganin tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, gara a mayar musu da firamare gaba ɗaya. Ina da shakka a nan. An gwada haka a 1991, malamai suka yi wata da watanni ba albashi, har sai da aka dawo da hukumar firamare ta ƙasa a 1993. Ba rushe hukumar jiha nake nema ba. So nake ta yi aikin da aka kafa ta dominsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, dokar nan ta 2004 ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta: karon farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Madalla. To uban da ya kai ɗansa shekara shida cur, yaron ya fito bai iya karanta wasiƙa da Hausa ba, wa zai kai ƙara? Wa za a ci tara? Ga kwamitocin makarantu a garuruwa, da dagaci da liman da iyaye mata a ciki, amma in suka rubuta koke, sau nawa amsa take dawowa?

Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, Jigawa ma tana ta ɗaukar malamai. Ina maraba da hakan. Amma kada a zo mana da jimillar waɗanda aka ɗauka, a gaya mana inda aka kai su. Kowane sakataren ilimi ya liƙa takarda a ƙofar ofishinsa, farkon kowane zango: sunan makaranta, yawan yara, yawan malamai, da ranar da mai duba makarantu ya je na ƙarshe. A karanta ta a rediyo, mu nan a shirye muke. Mutumin Auyo ko Ajingi ya ji da kunnensa malamai nawa aka rubuta wa makarantar garinsu, gari na wayewa ya je ya ƙirga.