Amsoshin Tambayoyinku: Ƙirƙiro Yaƙin Basasa a Ƙasar da Ba ta Cikin Taswira

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa daga nan Birnin Kebbi. Wasiƙun wannan mako na marubuta ne, masu ƙagaggun labarai da masu wasan kwaikwayo na rediyo, kuma duk tambayarsu ta tsaya a kan yadda za a ƙirƙiro ƙasa, a sa ƙabilunta yaƙi da juna, labarin ya zauna. Muna tare da malamin tarihi, da Hajiya mai tace littattafai kafin a kai su maɗaba'a. Wasiƙar farko daga Argungu take. Mai ita ya ce ƙasarsa tana da ƙabilu biyu, mutanen Tudu da mutanen Kwari, ya rubuta cewa sun tsani juna tun kaka da kakanni, amma abokin da ya karanta masa ya ce bai gamsu ba. Yana tambaya, mi ya rage? Allah gafarta Malam.

Malam: Abokin nan nasa ya iya karatu. In ƙiyayyar tun kaka da kakanni take, me ya sa ba a yi yaƙin bara ba, sai bana? Sai marubuci ya faɗi abin da ake rabo, da wanda ke riƙe da rabon, da ranar da rabon ya canza. A Labanon an yi ƙidayar jama'a a 1932, aka raba mulki bisa ita: shugaban ƙasa Kirista ɗan ɗarikar Maroniyawa, firaminista Sunni, kakakin majalisa ɗan Shi'a, kujerun majalisa kuwa shida na Kiristoci a kan kowane biyar na Musulmi. Yawan jama'a ya sauya, rabon bai sauya ba, har aka faɗa yaƙi a 1975. A Siri Lanka dokar 1956 ce ta mai da Sinhala kaɗai harshen gwamnati, Tamilawa suka ga aikin ofis yana kuɓuce musu. A Ruwanda kuwa Hutu da Tutsi harshensu ɗaya, suna auratayya, amma Turawan Beljiyam sun rubuta wa kowa ƙabilarsa a katin shaida tun shekarun 1930, kuma katin nan ne aka riƙa dubawa a shingayen hanya lokacin kisan kiyashin da aka yi wa Tutsi a 1994.

Tunda ya ce Tudu da Kwari, ai ƙasar ma ta ba shi amsa: ruwa. A gina madatsa a Tudu, ambaliyar da ke jiƙa fadamar Kwari duk shekara ta daina zuwa, shinkafa ta ragu, kifi ya ragu. Su ma na Tudu tafki ya cinye gonakinsu, diyya ta maƙale a hannun jami'ai. Mutanen yankin nan sun san irin wannan. An tashi garuruwa a ƙasar Yawuri da Busa lokacin gina Kainji, kuma rigimar diyyar Bakolori ta kai ga zubar da jini a 1980. Waɗannan ba su zama yaƙin ƙabila ba. A cikin labari, abin da zai mai da su haka shi ne ɗan siyasar da zai tashi ya ce wa manoman Kwari ai 'yan Tudu ne suka sace muku ruwa, ya kuma ce wa na Tudu ai 'yan Kwari ne suka cika ofishin diyya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka a fara nuna mana tsagewar.

Hajiya: In ƙara da abu ɗaya, Malam. Kada ya zuba mana wannan bayani a shafi goma na gabatarwa, mai karatu zai ajiye littafin. Ya ba mu yaro ɗaya, ubansa ɗan Tudu, uwarsa 'yar Kwari, yana cika fom ɗin shiga soja, ya iso layin da aka ce a rubuta ƙabila. Abin da ya rubuta a layin nan, da abin da kawunsa zai ce in ya ji, ya ishe mu fahimtar ƙasar.

Mai gabatarwa: Wata malamar makaranta daga Zuru ta ce a wasan kwaikwayonta an yi faɗa a kasuwa ranar Litinin, ranar Alhamis ƙasa ta rabe biyu. Tana tambaya ko haka abin yake tafiya.

Malam: Faɗan kasuwa tarzoma yake haifarwa, kwana biyu a sa dokar hana fita, ya lafa. Yaƙi sai soja sun rabe, domin a bariki makamai suke. Ta ɗauki yaƙin basasarmu na Najeriya ta auna. An yi juyin mulki ranar 15 ga Janairu 1966, a watan Mayu shugaban mulkin soja Ironsi ya kafa dokar da ta soke tsarin yankuna, ranar 29 ga Yuli aka yi juyi na biyu. Aka kashe Ibo da yawa a garuruwan Arewa, waɗanda suka tsira suka kwarara Gabas, aka kuma mai da sojoji kowa yankinsa. Aka zauna a Aburi ta ƙasar Gana a Janairun 1967, aka dawo kowane ɓangare da tasa fassarar abin da aka amince. Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 ranar 27 ga Mayu, Ojukwu ya yi shelar Biyafara ranar 30 ga Mayu, aka fara harbi ranar 6 ga Yuli. Kusan shekara ɗaya da rabi ke nan, kuma a kowane mataki akwai masu ƙoƙarin a tsaya. A Sudan ta Kudu ma, a Disambar 2013, cikin dakarun da ke gadin shugaban ƙasa a Juba aka fara, kafin abin ya koma faɗan ƙabilun Dinka da Nuwer a ƙauyuka.

Abin da marubuta suka fi mantawa shi ne masu sassauci su ake fara kawarwa, kuma sau da yawa 'yan'uwansu ne ke kawar da su. Firaministar Ruwanda, Agathe Uwilingiyimana, Bahutuwa ce, kuma tana cikin waɗanda 'yan'uwanta Hutu masu tsattsauran ra'ayi suka kashe tun ranar 7 ga Afrilu 1994, kwana ɗaya bayan harbo jirgin shugaban ƙasa. In Malama tana da liman ko basarake mai cewa a zauna a yi magana, ta duba gidansa, daga nan haɗarinsa zai fito.

Mai gabatarwa: To ga wata daga Jega, mai ita ya turo har da taswirar da ya zana. Rundunarsa mutum 50,000 ce, sun taka a ƙasa kilomita 300 cikin kwana uku sun kama babban birni. Ya ce a duba masa.

Malam: Madalla da taswirar, amma ɗan'uwa, sojojinka sun mutu da yunwa tun kwana na biyu. Bari mu yi lissafin kasuwa. Tiya ɗaya ta gero ko masara, kilo biyu da rabi, za ta ci da maza huɗu a yini. Mutum 50,000 tiya 12,500 ke nan kullum. A buhu mai tiya 40, buhu 312 da ɗoriya, wato tirela guda cike kowace rana ta Allah, ba a zo maganar mai da gishiri da itacen girki ba. Ruwan sha kaɗai, in ka ba kowa lita 5 a zafin bazara, lita 250,000 ne, kusan tanka takwas irin manyan nan masu lita 33,000. Wa ke tuƙa su, ina suke shan mai, wace gada suke haye? In an karya gadar, labarinka ya samu babi guda kyauta.

Tafiya kuma, runduna da kaya tana yin kilomita 20 zuwa 25 a yini. Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, kimanin kilomita 50, kwana biyu ne. Kilomita 300 ɗinka mako biyu ne, in ba wanda ya tare su. Ka kuma sa wa ƙasarka damina da rani. Sarakunan da ba don ra'ayi suke fita yaƙi da rani ba: an yi girbi, rumbu cike, koguna sun janye, manomi ya samu hannu. Da ruwa ya sauka motoci za su kafe a laka, rabin mayaƙan su sulale su tafi shuka.

Sai kuɗi. Kowane ɓangare sai ka faɗi abin da yake sayarwa ya sayi harsashi. 'Yan tawayen Saliyo lu'ulu'u suka riƙe, Charles Taylor a Laberiya katako da lu'ulu'u. Biyafara ta sha bugu biyu a 1968 da suka fi faɗa a fili ciwo: a Janairu gwamnatin tarayya ta canza takardun kuɗi, abin da ke ajiye a Gabas ya zama takarda, a Mayu kuma Fatakwal ta faɗi, hanyar teku ta toshe. Daga nan sai jiragen dare da ke sauka a Uli, a kan titin mota da aka faɗaɗa. Gishiri ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, busasshen kifin da ake shigowa da shi ya yanke, yara suka kumbura da ciwon yunwa. Ka ga dole ƙasarka ta samu maƙwabta. Wace ce ke buɗe iyaka da dare, me take samu?

Hajiya: Wannan taswirar tasa, Malam, duk kibiyoyin soja ne, babu inda farar hula suka gudu. Mu ba shi lissafinsu. Ma'aunin da masu aikin agaji ke bi shi ne lita 15 ta ruwa ga mutum ɗaya a yini, da masai ɗaya ga mutum 20. Sansani mai mutum 10,000 yana son lita 150,000 kullum da masai 500. Ba a samun haka a makon farko, shi ya sa amai da gudawa ke shiga, ƙyanda ta bi yara. A yaƙe-yaƙe da yawa waɗanda yunwa da cuta suka kashe sun fi waɗanda harsashi ya samu. Ya sa mana uwa a layin famfo da jarka biyu, an ce ɗaya kaɗai za a cika mata, tana lissafin ta sha da ta girki da ta wanke yaron da ke zawo.

Mai gabatarwa: Wani ɗalibi daga Yawuri gajeriyar tambaya gare shi. Yana tsoron a ce da wata ƙabila ta gaske yake.

Hajiya: Tsoronsa na kan hanya, musamman a halin da Zamfara da maƙwabtanta suke ciki. In ƙabila ɗaya ta labarinka makiyaya ce, ɗayar manoma, ka canza musu suna kawai, kowa zai gane, kuma littafin zai zama abin zuga. Gwajin mai sauƙi ne: ba mutum uku su karanta babin farko, ka tambaye su su wa ake nufi. In bakinsu ya zo ɗaya, koma ka sake. Cakuɗa sana'a da sutura da addini, kowace ƙabila ta samu manomi da makiyayi da ɗan kasuwa da malami. Tsaga kowace daga ciki: 'yan birni da 'yan ƙauye, gidan sarauta biyu masu gaba. Ka ƙara ƙabila ta uku, ƙarama, wadda ƙasarta ce fagen fama, kamar yadda Ijo da Efik da Ibibiyo suka tsinci kansu a Gabas. Ka kuma ba su abin da ya haɗa su kafin yaƙin, irin wasan barkwancin da ke tsakanin Fulani da Barebari ko Gobirawa da Yarabawa. Ranar da mutum ya yi wa abokin wasansa tsokanar da suka saba, aka yi shiru ba wanda ya yi dariya, mai karatu ya san ƙasa ta lalace, ba sai ka faɗa masa ba. Sunaye kuma kowace ƙabila ka zaɓar mata sautukan da za ka tsaya a kansu, kada ka ɗebo na gaske ka sauya harafi ɗaya.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga Talata Mafara: yaya zan gama yaƙin? Mai ita ya ce yana son jaruminsa ya auri 'yar sarkin abokan gaba, a yi biki, shi ke nan.

Malam: A yi bikin, ba mu hana ba, amma wa zai karɓi bindigogin? Ko dai ɓangare ɗaya ya ci, kamar yadda Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, ya miƙa wuya a madadin Biyafara a Legas ranar 15 ga Janairu 1970, ko a yi yarjejeniya, ko a rabu. Yarjejeniyar Ɗa'ifa ta 1989 ta mai da majalisar Labanon rabi da rabi. Ta Adis Ababa ta 1972 ta riƙe Sudan shekara 11, sannan ta warware a 1983. Rabuwa ma ba ta ba da tabbas: Sudan ta Kudu ta samu 'yanci a Yulin 2011, cikin shekara biyu da rabi ta shiga nata yaƙin.

Babin da na fi so in gani shi ne na bayan harbi. Gowon ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, amma masu kuɗin Biyafara fam 20 aka ba kowa komai yawan abin da ya kai banki, kuma gidajen da Ibo suka bari a Fatakwal sun zama rigima ta shekaru. A 1973 aka kafa hidimar ƙasa don matasa su zauna a yankin da ba nasu ba. Ruwanda ta ga kotunan zamani ba za su iya da yawan waɗanda ake tuhuma ba, ta kafa kotunan gacaca, ana zama a fili gaban jama'ar gari. Ko nan gida, faɗan Kabawa da Sakkwato da Gwandu ya tsaya tun zuwan Turawa, amma sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka Argungu, aka yi masa kamun kifin da ya zama bikin da ake yi har yau. Shekara talatin ke nan tsakanin ajiye mashi da ziyara.

Hajiya: Saboda haka ya rubuta jerin tambayoyi kafin ya kai ga ɗaurin auren. Mutumin da ya dawo ya tarar da wasu a gidansa, sun sake rufi sun dasa mangwaro, wace kotu zai je? Mayaƙin da ya shiga daji yana ɗan shekara 13, yanzu yana 19, bai iya noma ba bai iya karatu ba, wa zai ɗauke shi? Hafsoshin tawaye da muƙamansu za su shiga rundunar ƙasa ko za a rage musu? Ruwan madatsar nan kuma, wata nawa za a riƙa sakin shi zuwa Kwari, wa ke riƙe da makullin?

Mai gabatarwa: Lokaci ya cim mana. Akwai wasiƙa daga Ƙauran Namoda a kan yadda ake zana taswirar ƙasar da koguna ba za su riƙa hawa tudu ba, da ita za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malam, Hajiya, mun gode. A huta lafiya.