Me Ya Sa Mai Zane Ya Bar Rabin Takardar Fari?

Tun da zane-zanen tituna da ake yi da hannu cikin hanzari suka fara yawo a intanet, tambaya ɗaya ake ta maimaitawa: me ya sa ba a ƙarasa su ba? A ɗaya daga cikinsu, ga ƙofar gini an fitar da ita dalla-dalla, amma mutanen da ke wucewa layi biyu-uku ne kawai, rabin takardar kuma fari fat.

Irin wannan zane a bakin titi ake yin sa, ko a tasha, ko a cikin kasuwa, da alƙalami da ɗan littafi, wani lokaci da fentin ruwa. A 2007 wani ɗan jarida ɗan ƙasar Sifaniya mazaunin Siyatil ta Amurka, Gabriel Campanario, ya haɗa masu yin sa ƙarƙashin sunan Urban Sketchers, wato masu zanen birane, kuma ƙa'idarsu ta farko ita ce mutum ya zana abin da idonsa ya gani a wurin.

Yanzu mu koma kan zanen ƙofar. Kafin alƙalami ya taɓa takarda, mai zanen ya riga ya yanke abin da zai bari, domin motar da ke gabansa za ta tashi, mai talla za ta wuce, inuwa kuma ba ta jiran kowa. Kyamara tana kwashe komai baki ɗaya, shi kuwa dole ya zaɓa. Ya zaɓi ƙofar, sai ya tsaya a kanta. Matar da ke ɗauke da kaya, karkatar wuyanta kawai ya kama, kuma da wannan layi guda kun ji nauyin kayan. Farin da ya bari a bangon ginin hasken rana ne, domin a fentin ruwa babu farin da ya kai takardar da ba a taɓa ba. Ni dai a wannan gurbi idona ya fi daɗewa, kuma da ya cike shi, da zafin ranar ya ɓace.

A 1832 mai zane ɗan Faransa Eugène Delacroix ya zaga Tanja da Maknas a Maroko, yana zana tituna da ƙofofi cikin hanzari, yana rubuta sunayen launuka a gefe saboda ƙarancin lokaci. Wasu daga cikin littattafan suna gidan tarihi na Louvre a Faris, an adana su yadda ya bar su.