Amsoshin Tambayoyinku: Ta yaya rauta ke bambance waya da talabijin?

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Tambayarmu ta gaba daga wata baiwar Allah ce. Ta ce ta buɗe manhajar rautar gidansu, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi, ta ga an jera waya da talabijin da kwamfuta, sai wata guda da aka ce ba a san ta ba. Ta yaya rauta ke gane su, kuma baƙuwar nan mai satar intanet ce?

To Malama, rauta dai ba ido gare ta ba. Kintace take yi daga abin da kowace na'ura ta faɗa mata.

Da farko akwai lambar MAC, wato lambar shaida da kowace na'ura ke da ita, mai gurabe 12, gamin alƙaluma da haruffan A zuwa F. Gurabe 6 na farko lambar kamfani ce, wadda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ke rabawa. Sai dai sau da yawa na wanda ya ƙera ɗan katin Wi-Fi ɗin ne, ba na mai na'urar ba. Shi ya sa kwamfutar HP kan fito da sunan Intel, ƙwan lantarki mai haɗuwa da intanet kuma ya fito da Espressif, kamfanin da ya ƙera katinsa.

Sannan idan na'ura ta zo neman adireshin IP, wato lambar da rauta ke ba ta don ta shiga sadarwa, ta tsarin raba adireshi da ake kira DHCP, takan faɗi sunanta, ta kuma jera bayanan da take buƙata. Yadda Windows ke jera su daban, na Android daban. Kamar dai a gane garin mutum daga karin harshensa, ko bai faɗa ba. Firinta da talabijin kuwa shela suke yi da kansu ta hanyoyin sanar da kai da ake kira mDNS ko UPnP.

Batun baƙuwa, ki kwantar da hankali tukuna. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 na iPhone a 2020, wayoyi kan ƙirƙiri lambar MAC ta bogi ga kowane Wi-Fi don kada a riƙa bin diddigin mai su, sai rauta ta rikice. Ki duba gurbi na biyu na lambar MAC ɗin baƙuwar: in 2 ne ko 6 ko A ko E, ƙirƙirarriya ce. Ki kashe Wi-Fi na wayoyin gidan ɗaya bayan ɗaya, ki ga ko baƙuwar za ta ɓace. In duk an kashe tana nan daram, to ki sauya kalmar sirri a yau ɗin nan.