Ƙashi ma yana da magina da masu rushewa

Ku dubi wannan ƙashin cinyar bijimi da mahauci ya sara mana biyu a kasuwar Katsina. Daga waje kamar dutse, amma ku leƙa ciki. Ga ɓargo, ga ƴan ramuka kamar saƙar zuma, ga hanyoyin da jini ke bi. Yawancinmu a miya muka saba ganin ƙashi ko a bola bayan ya bushe, shi ya sa muke ɗaukarsa mataccen abu. Wanda ke jikinka yanzu yana da rai, yana ci, yana girma, kuma a cikin ɓargonsa ake ƙera jinin da ke gudana a jikinka.

Jariri yana zuwa duniya da ƙasusuwa kusan 270, da yawansu guringuntsi ne tukuna. Maɗigar nan da iyaye mata ke lallaɓawa a tsakiyar kansa, wurin da ƙasusuwan kai ba su gama haɗewa ba ne. A hankali wasu ke manne wa juna har babba ya tsaya a kan 206. Mafi tsawo shi ne na cinya. Mafi ƙanƙanta yana can cikin kunne, bai wuce ƙwayar shinkafa ba.

Duk wanda ya taɓa ganin ana kwaɓa ƙasar gini a Daura ko cikin birnin Katsina ya san ba a kwaɓa ta ita kaɗai, sai an cuɗa ta da busasshiyar ciyawa don kada katanga ta tsattsage. Ƙashi ma haka yake. Ƙasar ita ce sinadarin kalsiyam da fosfet, su ke ba shi tauri. Ciyawar kuma wani zare ne da ake kira kolajin, shi ke hana shi tsinkewa farat ɗaya. Ku gwada a gida: jiƙa ƙashin kaza a ruwan khal na ƴan kwanaki, za ku ga yana lanƙwasuwa kamar roba, don kalsiyam ɗin ya narke. Wanda ya faɗa garwashin mai tsire ya ƙone kuwa, da ka murza shi sai ya zama gari, don zaren ne ya tafi.

Katangar ƙasa tana son yaɓe bayan damina, ko Hasumiyar Gobarau da gyara ta kawo yau. A cikin ƙashi akwai ma'aikata iri biyu da ba sa hutu. Wasu na kankare tsohon wuri, wasu na bin bayansu suna yaɓa sabo. A jikin babba ana sabunta kusan kashi 10 cikin 100 na ƙashi kowace shekara. Tambayar ita ce, wa ke gaya wa maginan nan inda za su ƙara kauri?

Nauyi ne ke gaya musu. Wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya rubuta wannan tun 1892: ƙashi yana ƙara ƙarfi a inda ake ɗora masa aiki, yana sirancewa a inda aka bar shi ya huta. Ƴan wasan tanis, ƙashin hannun da suke bugu da shi ya fi na ɗaya hannun kauri. Ƴan sama jannati kuwa, da yake a can babu nauyi, suna asarar kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfin ƙashin ƙugu a kowane wata idan ba su dage da motsa jiki ba.

To, mu dawo gida. Kakanninmu sun yi daka, sun ja guga, sun yi noma, sun taka daga ƙauye zuwa kasuwa. Yau injin niƙa ya karɓi turmi, kuma daga Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Ƙaura sai mu tsaya jiran Keke Napep. Ba cewa nake a koma wahala ba, sauƙi ni'ima ne. Sai dai aikin da ƙashi ya rasa, dole a nemo masa madadinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, yaro kuwa minti 60 kullum. Kuma ba kowane motsi ne ke isa ga ƙashi ba. Iyo da tuƙa keke suna gyara zuciya, amma ƙashi ya fi jin wanda ƙafa ke dukan ƙasa: tafiya da sauri, gudu, hawa bene, ƙwallo, ɗaga abu mai ɗan nauyi. Langa da tsallen igiya da gaɗa, waɗanda muke kora yara a kansu don sun cika mu da ƙura, suna cikin mafi kyawun abin da yaro zai yi wa ƙashinsa.

Na fi jin ƴan mata a wannan magana. Ƙashi kamar rumbu ne, ana cika shi ne daga ƙuruciya zuwa wajen shekara 30, daga nan sai ɗiba. Yarinyar da aka ce ta girma ta daina tsalle tun tana shekara 11, an rufe mata rumbu a lokacin da ya fi karɓar hatsi. Idan ta manyanta al'ada ta ɗauke mata, sinadarin istirojin da ke taka wa masu rushewa birki ya ragu, sai ɗiba ta yi sauri. Wannan ita ce zaizayewar ƙashi, likitoci na ce mata ostiyoforosis. Ba ta ciwo, ba ta kumburi. Sai ranar da Hajiya ta zame a banɗaki ƙugu ya karye, ko a ga tana rankwafawa tana raguwa a tsawo a ce tsufa ne kawai. A duniya, mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 da suka haura 50 za su gamu da irin wannan karaya. Taba sigari na ƙara ta. Haka ma ƙwayoyin ƙiba irin su dezametazon da ake sha ba da izinin likita ba: kumatu su cika, ƙashi ya rarake.

A wajen yara kuma akwai gwame da ƙafar baka masu tsanani. A ƙasashen sanyi rashin rana ne ke jawo su, don da hasken rana fata ke haɗa bitamin D, wanda ke taimaka wa jiki ya tsotsi kalsiyam daga abinci. Mu rana ba ta yi mana rowa ba. Binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna matsalar yaranmu ta fi karkata ga ƙarancin kalsiyam a abinci, tuwon masara safe da dare ba nono. Alhali ga kindirmo, ga miyar kuka, ga zogale, ga riɗi, ga ƙananan kifi da ake dakawa da ƙayarsu.

Abin da muke kira sanyin ƙashi kuwa sau da yawa a gaɓa yake, guringuntsin gwiwa ne ya cinye. Zama wuri ɗaya ƙara masa tauri yake yi, tafiya a hankali da rage ƙiba sun fi masa. Mai amosanin jini da ciwon ƙugu ya ƙi barinsa, ya je a ɗauki hoto, don jini na iya yankewa daga kan ƙashin cinya.

Saura maganar ɗori. Maginan nan na ciki su ke haɗa karaya, cikin mako 6 zuwa 12 a jikin babba, yaro ya fi sauri. Aikin mai ɗori ko likita shi ne daidaita bakin ƙashin da riƙe shi. Haɗarin yana wajen ɗauri. Idan an tamke kara da tsumma, sai yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, ko yaro ya ce ba ya jin su, ko ciwo ya ƙi lafawa, jini ne ya tsaya. Kada a ce a bari zuwa gobe. A sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti, haka ma duk karayar da ƙashi ya huda fata. Daga nan idan aikin ya fi ƙarfinsu, su za su tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.