Yadda Shugaba Yake Samun Yardar Mutanensa

Assalamu alaikum. A ɗan rage lasifikar nan, tana kuwwa. Yauwa.

Abubuwa huɗu na ce zan kawo kan yadda shugaba yake samun yardar mutanensa, a ofis ne, ko ƙungiyar manoma, ko ta 'yan kasuwa. Na farko kuɗi. In ma lokacin ya ƙare a kansa ba mu yi asara ba.

Asusun banki ya kasance da sunan ƙungiya, ba na ciyaman ba, ba na ma'aji ba. Masu sa hannu uku, kuɗi ba sa fita sai biyu sun sa. Kuma kada biyun nan su zama wa da ƙane, ko mutum da surukinsa. Kuna dariya, ana yi wallahi. Alat ɗin banki ya riƙa shiga wayar dukkan ukun. Mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban, domin in mutum ɗaya ne ke yin biyun, ko waliyyi ne, ranar da lissafi ya ƙi fita ba shi da mai wanke shi. Ma'aji mai gaskiya tsarin nan ya fi karewa.

Kowane taron wata, kafin a shiga komai, a karanta abin da ya shigo, abin da ya fita, da abin da ya rage. Takardar banki a kan tebur, rasit a kan tebur, ko na lemon taro ne na naira 3,000. Kada ka jira a tambaye ka. Ranar da mamba ya ce "ina kuɗinmu?", an daɗe ana faɗin haka a bayan idonka.

Ɓarnar kuwa da wuya ta fara da sata. Da aro take farawa. Yaro ba lafiya, shugaba ya ce wa ma'aji, "ba ni dubu hamsin, ranar Juma'a zan mayar." Kuma ya mayar ɗin. To amma yanzu ma'aji ya riƙe masa sirri. Gobe shi ma ya ara, wa zai tsawata masa? Shi ke nan an zama abokan rufa-rufa. In ƙungiya na ba da rance, shugaba ya cike takarda ya kawo mai tsaya masa kamar kowa.

Ana ba da labarin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda. An raba yadi kowa ɗaya, sai ga shi da rigar da yadi ɗaya ba zai ɗinka ba, don shi dogo ne. Aka tambaye shi a bainar jama'a. Bai ce "ka san da wa kake magana?" ba. Ɗansa Abdullahi ya sa ya tashi ya shaida cewa shi ya ƙara masa da nasa.

Na biyu, alkawari. A rubuta wa zai yi, me zai yi, yaushe. In ba za ka cika ba, faɗa kafin ranar ta zo.

Na huɗu... a'a, na uku ko? To. Yadda kake karɓar mummunan labari. Wata malama a jami'ar Harvard, Amy Edmondson, ta yi bincike a asibitocin Amurka, ta tarar rukunin ma'aikatan da suka fi jituwa da shugabanninsu sun fi yawan kurakuren ba da magani a rubuce. Ashe su faɗa suke yi, sauran ɓoyewa suke. A masana'antar Toyota akwai igiya ko maɓalli a gefen layin haɗa mota, ƙaramin ma'aikaci in ya ga matsala sai ya ja ko ya danna, shugaban rukuni ya zo, in ba a gyara ba layi ya tsaya. Kai kuwa yaronka ya ce buhu goma sun jiƙe a sito, ka zazzage shi a gaban mutane. Wata mai zuwa talatin za su jiƙe, ba za ka ji ba.

Sai batun ɗan lele, wanda... Hajiya, na ga hannunki, bismillah.

Tana cewa ta gaji ƙungiyar da shugabannin baya suka cinye kuɗinta, mambobi sun daina biyan kuɗin wata. Hajiya, kada ki fara da ƙarin kuɗi, kada kuma ki fara da 'yan sanda. A zaɓi mutum uku waɗanda ba sa cikin tsohon shugabanci ba sa cikin naki, su karɓi takardar banki da littattafai. Abin da suka tarar ki faɗe shi a taro yadda yake, ko naira 8,000 ce ta rage. Wanda aka samu da bashi ya sa hannu gaban shaidu zai biya kashi-kashi. Sannan ki ɗauki ƙaramin aiki guda wanda ido zai gani, kamar gyaran ƙofar sito, ki gama shi cikin wata uku, ki kawo rasit.

An ce an kira salla. Batun ɗan lelen sai mun dawo.