Sharhi: Tashi da faɗuwar Mazher Mahmood, Shehin Bogi na jaridun Ingila

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin sharhi.

Yau za mu leƙa birnin Landan ne, mu duba aikin wani ɗan jarida da manyan Birtaniya suka yi fiye da shekara 20 suna fargabar sunansa alhali galibinsu ba su san kamanninsa ba. Sunansa Mazher Mahmood, amma an fi saninsa da laƙabin Shehin Bogi, saboda yadda yakan zuba farar jallabiya da ƙyallen kai irin na Larabawa, ya kama ɗaki a otal mafi tsada, ya fito a matsayin hamshaƙin attajiri mai neman inda zai zuba kuɗi. A jikin wannan jallabiya da lungunan ɗakin akwai ɓoyayyun kyamarori. Duk wanda ya zauna ya saki baki, ranar Lahadi zai ga kansa a shafin farko na jaridar News of the World.

An haifi Mahmood a birnin Birmingham a 1963. Iyayensa 'yan jarida ne da suka zo daga Pakistan, don haka gadon aikin ya yi. Tun yana saurayi ya samu shiga jaridun Landan da wani labari da ya tona asirin wasu abokan iyayensa masu sayar da kaset ɗin bidiyo na satar fasaha. Daga nan ya yi aiki da Sunday People, sannan Sunday Times. A wannan jarida ta biyu wani abu ya faru a 1988 wanda ya kamata a ce duk editan da ya ɗauke shi aiki daga baya ya riƙe shi a rai. Ya yi kure a wani labari, sai ya shiga kwamfuta yana ƙoƙarin sauya rubutun da wani kamfanin dillancin labarai ya aiko, don laifin ya koma kansu. Da aka gano, ya ajiye aiki kafin a sallame shi. Shekara 3 bayan haka, a 1991, News of the World ta buɗe masa ƙofa.

Sai mun san irin gidan da ya shiga kafin mu fahimci abin da ya zama. News of the World jaridar tsegumi ce da a da take fitowa ranar Lahadi, an kafa ta a 1843, Rupert Murdoch ya saye ta a 1969. A zamanin da Mahmood yake tashe tana sayar da kwafi wajen miliyan 4 kowane mako. Jarin irin wannan jarida shi ne abin kunyar sanannun mutane: wane ministan ne yake da farka, wane ɗan ƙwallon ne yake shaye-shaye, wace gimbiya ce ta yi suɓul da baka. Kuma kowace Lahadi sai an samu sabo. Wannan matsin lamba na mako-mako shi ne tushen duk abin da ya biyo baya, domin duniya ba ta samar da babban abin kunya duk kwana 7, amma edita yana buƙatarsa duk kwana 7.

Mahmood ya biya wannan buƙata fiye da kowa. A 1998 ya yaudari shugabannin ƙungiyar Newcastle United, Freddy Shepherd da Douglas Hall, a Sifaniya, aka naɗe su suna yi wa magoya bayan ƙungiyar dariya kan tsadar rigunan da suke saya, suna kuma zagin matan garin. Dole suka sauka na wani lokaci. A 2001 ya ritsa da Sophie, matar Yarima Edward, tana faɗin abin da bai kamata ba a kan 'yan siyasa, har ta bar shugabancin kamfaninta. A Janairun 2006 ya gayyaci kocin Ingila Sven-Göran Eriksson zuwa Dubai, inda kocin ya nuna a shirye yake ya koma Aston Villa idan attajirin ya sayi ƙungiyar, kuma ba a jima ba hukumar ƙwallon Ingila ta sanar cewa zai tafi bayan gasar cin kofin duniya. A 2010 Sarah Ferguson, tsohuwar matar Andrew ɗan Sarauniya Elizabeth, ta nemi fam 500,000 don ta haɗa wani ɗan kasuwar ƙarya da tsohon mijinta.

Babban aikinsa, wanda ko masu sukarsa suna ambata, shi ne na wasan kurket a Agustan 2010. Ya miƙa wa wani dillalin 'yan wasa, Mazhar Majeed, fam 150,000, shi kuma dillalin ya faɗa masa daidai lokutan da 'yan wasan Pakistan za su taka su wuce layin jifan ƙwallo da gangan, abin da ya saɓa wa dokar wasan, a karawarsu da Ingila a filin Lord's. Haka kuwa aka yi, a daidai lokutan da ya ce. A Nuwamban 2011 kotu ta ɗaure kyaftin Salman Butt wata 30, Mohammad Asif shekara 1, Mohammad Amir wanda shekararsa 18 lokacin da abin ya faru wata 6, dillalin kuma wata 32. A nan akwai ruɓa ta gaske, kuma ba don kyamarar Mahmood ba da wuya a gan ta. Wannan haƙƙinsa ne, a ba shi.

To amma masu saurare, akwai wani jerin na daban, kuma shi na fi so mu tsaya a kai.

A Nuwamban 2002 jaridar ta fito da labarin cewa ta bankaɗo wani shiri na sace Victoria Beckham, matar ɗan ƙwallo David Beckham. 'Yan sanda ɗauke da makamai suka kama mutane, aka gurfanar da 5. Bayan sun shafe watanni a tsare, shari'ar ta rushe a Yunin 2003, lokacin da aka gano cewa babban shaidan, wani mai suna Florim Gashi, jaridar ta biya shi fam 10,000, kuma ba mutumin da za a dogara da maganarsa ba ne. A 2004 kuma, sakamakon wani tarkon na Mahmood, aka kama wasu mutum 3 bisa zargin neman sayen wani sinadari da ake kira jan makuri, wai don haɗa bam. Masana kimiyya ba su ma yarda akwai wannan sinadari a duniya ba. A 2006 kotun Old Bailey ta wanke su duka. Ku auna da kanku: kusan shekara 2 mutum yana ɗauke da tambarin ɗan ta'adda, a Birtaniya, a shekarun da suka biyo bayan harin 11 ga Satumba, kan abin da babu shi. Waɗannan ba 'ya'yan sarauta ba ne, ba su da manyan lauyoyi ko masu gyara musu suna. Jaridar ta riga ta sayar da kwafinta tun Lahadin farko, su kuma aka bar su da ɗinkin rayuwarsu.

Abin da nake so in faɗa a nan shi ne, akwai bambanci tsakanin wanda ya hango hayaƙi ya bi shi har ya gano gobara, da wanda ya ƙyasta ashana da hannunsa sannan ya ruga yana ihun gobara. Ƙa'idar editocin Birtaniya kanta ta amince ɗan jarida ya ɓad da kama, amma da sharaɗi biyu: ya zamana akwai amfanin jama'a a ciki, kuma babu wata hanyar samun bayanin. Wato sai ka fara da hujjar cewa ana aikata ɓarna, sannan ka sa rigar aro ka je ka tabbatar. Abin da ake zargin Mahmood da shi a lokuta da dama akasin haka ne: a zaɓi mutum tukuna, a nemo inda yake da rauni, a ɗora masa kwaɗayin da ba a taɓa ɗora masa ba a rayuwa, a cika shi da giya da alkawura, har sai ya aikata abin da ba don tarkon ba da bai aikata ba.

Dokar Ingila ma ta bar ƙofa a nan. Idan ɗan sanda ne ya ja mutum ya aikata laifi, alƙali yana iya dakatar da shari'ar gaba ɗaya. Idan ɗan jarida ne, kotuna ba sa saurin yin haka. Sai ya zama 'yan sanda da masu gabatar da ƙara suna karɓar shari'a dafaffiya daga hannun jarida, da bidiyonta da shaidanta, ba su sha wahalar komai ba. Shi kuma yana shiga kotu ya ba da shaida a ɓoye, ba a nuna fuskarsa, bisa hujjar cewa rayuwarsa tana cikin haɗari. Ɗan majalisa George Galloway, wanda ya gane tarkon da aka ɗana masa a 2006, ya wallafa hotonsa, jaridar ta garzaya kotu don ta hana, ba ta yi nasara ba.

An rufe News of the World a Yulin 2011, bayan shekara 168, sakamakon fushin jama'a da aka ji cewa an yi kutse a saƙonnin wayar Milly Dowler, yarinyar da aka sace aka kashe. Aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai shari'a Leveson, kuma Mahmood ya bayyana a gabansa. Ya ce aikinsa ya kai ga hukunta masu laifi 253. Da aka sa wani kamfanin lauyoyi ya bi diddigi, 94 kawai aka iya tabbatarwa. A kan barinsa Sunday Times kuwa, da farko cewa ya yi saɓani aka samu, sai da aka sake kiransa sannan ya amsa abin da ya yi. Duk wannan a bainar jama'a aka yi shi. Duk da haka kamfanin Murdoch bai rabu da shi ba, ya ci gaba da aiki, ya koma sabuwar jaridar The Sun ta ranar Lahadi.

A can ne ya haƙa ramin da ya faɗa ciki. A 2013 ya fito a matsayin mai shirya fina-finai, ya tunkari mawaƙiya Tulisa Contostavlos da tayin fitowa a wani babban fim kan fam miliyan 3 da rabi. Aka ɗauke ta a jirgi zuwa Las Vegas, aka yi ta zama a manyan otal na Landan, ana nuna mata cewa rawar da za ta taka ta tantiriyar yarinya ce, don haka ta nuna ta san wannan duniya. Ƙarshenta wani abokinta ya kawo hodar iblis ta kimanin fam 800. Jarida ta buga, 'yan sanda suka kama ta.

Sai dai direban Mahmood, Alan Smith, ya riga ya faɗa wa 'yan sanda cewa a cikin mota ya ji Tulisa tana nuna ƙyamarta ga miyagun ƙwayoyi, saboda wani nata da suka lalata. Wannan magana ce da za ta taimake ta a kotu. Direban ya aika wa maigidansa bayanin ta imel, suka yi magana, washegari wannan sashe ya ɓace daga bayanin. Da aka tambayi Mahmood bayan ya yi rantsuwa ko ya tattauna batun da direbansa, ya ce a'a. Daga baya a gaban kotun ya sauya magana. Ranar 21 ga Yulin 2014 alƙali Alistair McCreath ya kori ƙarar, yana mai cewa akwai ƙwararan dalilai na yarda cewa Mahmood ya yi masa ƙarya. A Nuwamban shekarar shirin Panorama na BBC ya nuna fuskarsa ga duniya. A Oktoban 2016 kotun Old Bailey ta same shi da laifin haɗa baki don karkatar da shari'a, ta ɗaure shi wata 15, direban kuma aka yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata 12.

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a yankinmu. A 2018 bidiyon ɗan jarida mai ɓad da kama Anas Aremeyaw Anas na Ghana ya nuna shugaban hukumar ƙwallon ƙasar, Kwesi Nyantakyi, yana karɓar kuɗi daga waɗanda suka fito a matsayin masu zuba jari, abin da ya raba shi da kujerarsa. Mutane da yawa sun yi murna, wasu kuma sun yi tambayar da aka yi wa Mahmood: bankaɗowa aka yi ko jarrabawa? Ba ina haɗa mutanen biyu a ma'auni ɗaya ba ne, kuma ba na cikin masu cewa a daina aikin ɓad da kama. A ƙasashen da ake ɓoye takardu, ake tsoratar da shaidu, wani lokaci ɓoyayyar kyamara ce kaɗai ke iya shiga ofishin mai karɓar rashawa. Amma duk matashin ɗan jaridar da yake sha'awar wannan hanya, da editan da zai tura shi, ya wajaba su iya amsa tambayoyi kafin a kunna kyamara. Wace hujja muke da ita tun kafin mu je? Wa ya fara kawo maganar laifin, mu ko shi? Nawa muka biya mai ba mu labari, kuma za mu iya faɗa a fili? Idan a cikin abin da muka naɗa akwai maganar da za ta wanke mutumin, za mu fitar da ita?

A wannan tambaya ta ƙarshe Mahmood ya faɗi. Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Akwai editocin da suka sa hannu a kan kuɗin otal da na jirgi, akwai lauyoyin jarida da suka duba labaran kafin a buga, akwai alƙalan gasar aikin jarida da suka yi ta ba shi kyautuka, akwai 'yan sanda da masu gabatar da ƙara da suka ci gaba da kiransa shaida bayan abin da ya faru a 2003 da 2006. Bayan rushewar shari'ar Tulisa, hukumar gabatar da ƙara ta janye wasu shari'o'in da ke gaban kotu waɗanda suka dogara da shaidarsa, ta kuma koma duba tsofaffin hukunce-hukunce 25. Wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa sun riga sun gama zaman gidan yari tuni, sun rasa aiki da aure. Kamfanin Murdoch, wato News UK, ya kori Mahmood ranar da aka yanke masa hukunci, ya kuma ce zai kare kansa a kotu daga duk wanda ya zo neman diyya.